Muradu 17 a Lungunan Jekadafari

Motar ta bar Kano bayan sallar asuba, cikin kakar 2024, ɗauke da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe na sashen nazarin ƙasa a wata jami'a, maza da mata, malaminsu na kujerar gaba kusa da direba. Bas ce ta haya, an ɗaure jakunkuna da tabarmi a bayanta da igiya. Kuɗin motar karo-karo aka yi, kuma sai da aka sha ciniki kafin a daidaita, domin a watan Oktoba na shekarar litar fetur ta haura naira 1,000, alhali kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. Direban bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya ce kuɗin da yake cika tanki da su a da, yanzu ko rubu'insa ba sa kawowa.

Darasi ne ya fito da su. Malamin yana koyar da kwas a kan Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, waɗanda ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da su a watan Satumba na 2015: muradu 17, da ƙudurori 169 a ƙarƙashinsu, da wa'adin shekarar 2030. Ɗaliban sun haddace su tsaf. Ko daga barci aka tashi ɗaya zai jero su, tun daga kawar da talauci da yunwa har zuwa haɗin gwiwar ƙasashe, har launin kowane akwati a allon nan mai kala-kala ya sani. Amma da aka ce kowa ya ɗauki muradi ɗaya ya faɗi yadda zai auna shi a unguwarsu, sai takardun suka dawo rabi fari. Yaran ba su da laifi. A wurare da yawa haka ake koyar da abin, a matsayin jerin sunaye da aka aiko daga waje, a karanta, a rubuta, a ci maki.

Gombe kuwa an zaɓe ta ne don malamin yana da tsohon abokin karatu a can, wanda shi ma malamin jami'a ne, yana zaune a gidan gadonsu a Jekadafari. Shi ya ce a kawo yaran su ga gari inda ruwa yake wahalar samu da rani, kuma yake cinye gidaje da damina.

Daga Kano zuwa Wudil hanya tagwaye ce, mota na gudu yadda take so. Bayan an haye gadar Wudil aka miƙi hanyar Birnin Kudu, sai gonaki suka buɗe dama da hagu. An riga an yanke gero, dammuna na jingine, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, an baza gyaɗa da riɗi a gefen kwalta suna shan rana. A duk inda mota ta rage gudu, a shingen jami'an tsaro ko a tudun rage gudu na ƙauye, sai yara su yanyame ta da farantan dafaffiyar gyaɗa da rake da ƙwai. Ranar makaranta ce, hantsi ya dubi ludayi. Malamin bai yi lacca ba, ya dai ce wa ɗalibar da ke bayansa ta riƙa sa alama a littafinta duk inda ta ga yarinya da tallan a kai. Kafin a kai Ningi shafin ya cika.

Daga Birnin Kudu hanya ta rabu. Akwai ta Darazo da Dukku, wadda ta fi kusa, akwai kuma ta Ningi da Bauchi. Suka ɗauki ta Ningi, da niyyar komawa ta ɗayar. Nan ƙasa ta canja, duwatsu suka taso, daji ya fi na Kano duhu, ramuka kuma suka yawaita har direban ya daina hira. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne buhunan gawayi da tarin itace a bakin hanya, ƙauye bayan ƙauye. Wata ɗaliba ta leƙa ta taga ta tambayi kuɗin buhu, da ta ji ya yi ƙasa da na Kano nesa ba kusa ba, sai ta roƙi a tsaya ta saya wa mahaifiyarta. Wani ɗalibi ya tuna mata cewa ita ce ta rubuta aikin gida a kan muradi na 15, na kare dazuzzuka.

"Malam, na san abin da na rubuta," in ji ta. "Amma kilon gas ya wuce naira dubu, gidanmu kuma mu goma sha ne. Da me Umma za ta dafa?"

Malamin ya ce tambayar tata ta fi amsoshin jarrabawa da yawa, domin ta haɗa muradi na 7, na makamashi mai tsafta da sauƙin kuɗi, da na 15, ta nuna ba a cim ma ɗaya a bar ɗaya. Ba a sayi gawayin ba, don babu wuri a motar. Amma muhawarar ba ta mutu ba sai da hasumiyoyin masallatan Bauchi suka bayyana.

A Bauchi aka yi azahar, aka ci masa. Duk wanda ya taɓa bi ta garin ya san masar Bauchi ba ta da na biyu a wannan yanki: faffaɗa, mai laushi, gefenta ya soyu, ana zuba mata miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli. Kanawan da suka saba da ƙananan waina suka ci suka ƙara, har wasu suka sa aka ƙulle musu a leda. Daga nan saura kimanin kilomita 150. Suka haye kogin Gongola a gadar Dindima, inda hanyar Yankari ta ratse, suka wuce Alkaleri, ƙaramar hukumar da ke iyaka da filin man Kolmani wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamba 2022. La'asar sakaliya suka wuce filin jirgin sama na Lawanti, suka shiga Tumfure.

A nan malamin ya sa aka tsaya, kowa ya sauko. Daga wannan tudu ana ganin Gombe a shimfiɗe can ƙasa, kamar tuwo a cikin akushi, tudu ta yamma, duwatsun Liji ta gabas. Ya ce su dubi gangaren da kyau, don shi ne mabuɗin duk abin da za su gani. Ƙasar rairayi ce mai saurin zaizayewa. Da can daji ne a kan tudun yana shanye ruwan sama. Tun da aka ƙirƙiri jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, garin ya zama babban birni, gine-gine suka haura tudun, aka sare itatuwa, aka rufe ƙasa da kwano da siminti. Ruwan da a da yake nutsewa, yanzu gangarowa yake da ƙarfi ya ratsa cikin gari.

Jekadafari na cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, tare da irin su Bolari da Herwagana da Pantami da Kumbiya-Kumbiya da Shamaki. Unguwa ce ta tsakiyar gari, bakin titi shaguna da kantunan magani da masu shayi, ciki kuma lunguna da tsofaffin gidaje masu zaure. Mai masaukin yana tsaye a ƙofar gida tun kafin motar ta tsaya. Suka rungume juna da malamin, yana cewa, "Malam, ka ga idonka? Sai da ɗalibai suka jawo ka sannan ka tuna da mu." Aka shigar da 'yan matan cikin gida wurin uwargida, samarin aka raba su tsakanin ɗakin zaure da shagon maƙwabci, wanda ya kwashe kayansa ya ba su mabuɗi ba tare da an roƙe shi ba.

Kafin isha kwanuka sun fara shigowa. Uwargida ta yi tuwon masara da miyar kuka da man shanu, amma daga gidajen maƙwabta sai ga dambu, sai ga shinkafa da wake, sai ga ƙwaryar fura da kindirmo mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Wata tsohuwa ta shigo da sandarta ta yi wa 'yan matan maraba da Fulatanci, da ta ga sun yi zuru sai ta juya Hausa tana dariya. A Gombe Hausa ce harshen kasuwa da titi, amma a lungu ɗaya za ka ji Fulatanci da Teranci da Tangale da Bolanci da Waja. Ɗaliban sun lura da wannan, sun kuma lura da abin da ya fi shi: babu wanda ya tambayi ko su wane ne iyayensu. Baƙin maƙwabci ne, shi ke nan. Kano ma ta san karɓar baƙo, sai dai girman birni da tsadar rayuwa sun sa a unguwanni da yawa baƙon gida ya zama na mai gida shi kaɗai.

Da safe wani abin ya ba su mamaki, wato 'yan acaɓa. A Kano an hana ɗaukar fasinja a babur tun Janairun 2013, yawancin ɗaliban suna yara a lokacin, A Daidaita Sahu suka tashi suka sani. A Gombe kuwa babur na nan yana aiki tare da keke mai ƙafa uku, kuɗinsa bai kai na Kano ba, kuma tafiyar da za ta ci maka awa daga Kabuga zuwa Hotoro, kwatankwacinta a nan ba ta wuce 'yan mintoci. Nono da nama sun fi araha. Kayan kanti da atamfa da kayan gyaran mota sun fi tsada, don yawancinsu daga kasuwannin Kwari da Singa da Sabon Gari na Kano ake saro su, kuɗin mota kuma a kan mai saye yake ƙarewa.

Ziyarar Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004 a Tudun Wada zamanin Gwamna Danjuma Goje, ba ta ɗau lokaci ba a ofis: gaisuwa, sa hannu a littafin baƙi, hoto. Harabar ce ta tsayar da su. Inuwa ko'ina, itatuwa a jere, furanni a bakin azuzuwa. Mai masaukin ya ce wannan aikin shugaban jami'ar na farko ne, marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi, masanin tarihi wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mutum ne da aka sani da son dashen itace. Daga nan wasu ɗaliban Gombe suka shige gaba, aka nufi kwarin da ya ratsa ta jami'ar ya bi ta Malam Inna har Kagarawal.

An gyara wannan kwari a ƙarƙashin shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa. Yanzu magudana ce ta kankare, faffaɗa, mai gangaren gefe, an dasa itatuwa a bakinta. Amma sai da 'yan Gomben suka kai baƙin wani reshe da aikin bai kai gare shi ba, sannan suka gane abin da aka gyara. Rami ne mai zurfin da ya fi tsayin gida, bangonsa ja, a tsaye cak, yana zubowa da kansa. A bakinsa akwai wani gida da rabin ɗakinsa ya tafi. Ana ganin shuɗin fentin bangon ciki, da ƙusar da ake rataye kaya, da ƙofar da yanzu take buɗewa zuwa sarari. Masu gidan sun jera buhunan siminti cike da yashi, sun dasa kashe-kwari a gefe, duk ruwa ya ci ƙarƙashinsu. A ƙasan ramin shara ce da leda, da sawun tayar masu ɗibar yashi, waɗanda kowace tifa da suka cika tana ƙara wa bangon rauni.

Wani dattijo da ke zaune a inuwar katangar da ta rage ya ce da damina in hadari ya haɗu da dare ba sa barci. Ɗalibin da ya fi kowa surutu a mota ya tsuguna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, me ya sa ba ku tashi ba?" Dattijon ya ce, "Ɗana, in tashi in je ina? Wa zai sayi gida a bakin kwari?" Muradi na 11 yana magana a kan birane masu aminci, na 13 a kan sauyin yanayi, na 1 a kan talauci. A aji lacca uku ce, a mako uku. A wannan gida abu ɗaya ne.

Gwamnatin jihar ba ta zauna ba. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019, da burin dasa miliyan ɗaya duk shekara, kuma shirin ACReSAL, wanda ya gaji NEWMAP a jihohin Arewa 19 da Abuja da rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, ya kama babban kwarin da ya bi ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Malamin ya yaba, sannan ya ba ɗaliban tambayar da ya ce ita ce aikin mai ilimi: cikin itatuwan da aka dasa, nawa suka kai rani na biyu? Adadin da aka dasa yana cikin jawabi. Adadin da ya rayu sai an je an ƙirga, kuma babu wanda ya fi ɗalibin jami'a dacewa da wannan ƙirga.

Aikin da ya fi cin lokaci a Jekadafari aka yi shi, a kan ruwa. Da farko aka je gaida mai unguwa. "Ranka ya daɗe, yara ne masu neman ilimi, muna roƙon izini su shiga gidaje su yi tambaya," in ji mai masaukin. Ya amince, ya haɗa su da wani matashi ɗan unguwa, da sharaɗin mata su shiga ciki, maza su tsaya a zaure. Malamin ya riga ya fassara musu ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi a muradi na 6. Ruwa ba ya cika sharaɗin ƙoli sai ya kasance a cikin gida, ana samunsa duk lokacin da ake buƙata, kuma babu ƙazanta a cikinsa. Idan daga waje ake ɗebowa, to zuwa da layi da dawowa kada su wuce minti 30, in sun wuce an faɗo mataki na ƙasa.

Da wannan ma'auni a hannu, tambayar "kuna da famfo?" ta zama ba ta isa ba. Gidaje da dama suna da famfo. Sai wata ɗaliba ta ƙara da, "Mama, yaushe rabon da ya kawo?" A nan labari ya fito. Wani layin yana samu a kai a kai, wani sai tsakar dare, wani an manta. Gidan da ke da hali ya gina tankin ƙasa yana sayen tankar ruwa, marar hali yana jiran 'yan ga-ruwa. Ɗaliban suka bi wani mai kura tun daga rijiyar burtsatsen da yake saye har ƙofar gidan da yake sayarwa: jarkoki rawaya a jere cikin kurar ƙarfe, tsumma a naɗe a hannunsa, yana turawa a hawa da ƙirji, silifas ɗinsa na zamewa a rairayi. Suka tambayi nawa yake biyan mai rijiya, nawa yake sayarwa, sau nawa yake zuwa a yini. Da aka zauna lissafi da dare, wata ɗaliba ta gano da hannunta abin da littattafai suka daɗe suna faɗa, cewa mai sayen jarka ɗaya-ɗaya yana biyan kuɗin lita fiye da mai sayen tanka, mai tanka kuma fiye da mai famfo. Mafi talauci shi ke sayen ruwa mafi tsada. Kuma ranar da babu wuta, mai rijiya ya tayar da janareto, jarka ta ƙara kuɗi nan take.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan Kano, 'yan ga-ruwa sun cika Kurna da Rijiyar Lemo da Dorayi. Bambancin shi ne a gida ba su taɓa tsayawa sun tambaya ba.

A Jekadafari ne kuma Asibitin Ƙwararru na jihar yake, saboda haka unguwar ba ta rabuwa da masu jinya. Ɗaliban ba su shiga ɗakunan marasa lafiya ba, ba su da izinin haka, a bakin ƙofa suka tsaya wurin masu shayi da masu sayar da kwanon sha da buta. Nan suka gamu da mutanen ƙauyuka da suka kawo mata masu naƙuda, wasu sun sayar da akuya kafin su biya kuɗin mota. Muradi na 3 yana son mace-macen mata wajen haihuwa su sauko ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sa adadin Najeriya a 512. Jihar ta gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin 114, ta kuma kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta GoHealth, matakai ne na gaske. Amma abin da ɗaliban suka rubuta a littattafansu shi ne nisan hanya da kuɗin mai, da jinkirin yanke shawara a gida kafin a fito.

Da dare ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su fito. A irin wannan zama ne wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya ji ɗaya daga samarin yana cewa ai muradun nan na Turawa ne. Ya gyara zama ya tambaye shi ko ya san Amina Mohammed. 'Yar jihar Gombe ce. Ita ce mai ba Shugaba Obasanjo shawara a kan Muradun Ƙarni, wato MDG, guda 8 da suka gabaci waɗannan daga 2000 zuwa 2015, kuma ofishinta ne ya kula da kuɗin da Najeriya ta samu sauƙinsu, kimanin dala biliyan ɗaya a shekara, bayan yafe bashin dala biliyan 18 da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yi a 2005. A 2012 Ban Ki-moon ya ɗauke ta ta zama mai ba shi shawara a kan tsarin da zai biyo bayan 2015, wato tana tsakiyar tattaunawar da ta haifi muradu 17. Ta dawo ta yi ministar muhalli, sannan tun 2017 take Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

"To ka ga," in ji tsohon, "da hannun 'yarmu a ciki. Mu da muka yi aiki a lokacin mun ga azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse masu allon MDG. Wasu na aiki har gobe. Wasu sun mutu a shekara ta biyu, don an gina an tafi, ba a ce ga wanda zai gyara ba." Samarin suka yi shiru suna rubutu. Bayanin da ya yi a cikin mintoci kaɗan, da Hausa, a kan tabarma, ya fi zama a kansu fiye da babin da suka karanta a kan dalilin sa kalmar ɗorewa a sunan sababbin muradun. Ya kamata jami'o'inmu su riƙa gayyatar irin waɗannan mutane cikin aji, suna nan a kowace unguwa, kuma ba sa neman ko sisi.

Akwai lambar da malamin ya ajiye sai a wannan dare. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamba 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikinsa, Gombe kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, sama da kashi 80. Wannan ma'auni bai tsaya ga kuɗin aljihu ba, yana duba ruwa da makewayi da makamashin girki da zuwan yara makaranta da nisan asibiti. Da a Kano aka karanta musu, da sun kwafa sun wuce. A nan kuwa kowane ɗaya daga cikin abubuwan sun ga fuskarsa.

Kasuwar Tudun Hatsi suka leƙa da hantsi. Ba ta kai kasuwar Dawanau ta Kano girma ba, amma masara da wake da waken suya da shinkafa na shigowa daga ƙauyuka, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Sabon hatsi ya sa farashi ya ɗan sauko, ya kuma yi ƙasa da na Kano. Wani dillali ya ce kada su ruɗu: manomi yana sayarwa yanzu da araha don ya biya bashin taki, in bazara ta zo shi ne zai dawo ya sayi abin da ya noma da tsada.

Tafiya ta ƙarshe ta Dadin Kowa ce, kusan kilomita 40 gabas da gari a hanyar Biu. An bi ta Liji, aka wuce Kwadon inda kwandunan tumatir da tattasai da albasa suka cika bakin titi. An gina madatsar ruwan Dadin Kowa a kan kogin Gongola a shekarun 1980, don noman rani da ruwan sha da lantarki, amma tashar wutar mai megawat 40 sai bayan fiye da shekara 30 ta fara aiki. Daga nan ake tace ruwan da ake turawa Gombe, kuma tun da garin da unguwanninsa na tudu sun fi kogin tsayi, sai da injina, injina kuma sai da wuta. Ɗalibar da ta yi lissafin jarka ta tsaya tana kallon ruwan da ya miƙe iya ganin ido, ta ce yanzu ta gane cewa matsalar famfon Jekadafari ba ƙarancin ruwa ba ce, bututu ne da wuta da kuɗin gyara, da garin da yake girma fiye da yadda aka tsara masa. Suka ci soyayyen kifi a bakin hanya, karfasa da tarwaɗa, da kuɗin da a Kano ba zai sayi rabinsa ba.

Ranar komawa uwargida ta cika musu leda da dakakken yaji da ƙuli, maƙwabcin da ya ba da shagonsa ya ƙi karɓar ko kuɗin wuta, har ya ɓata rai da aka matsa. Aka fita ta hanyar Dukku. Yankin nan rijiya tana da nisa ƙwarai saboda irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar, shi ya sa ake ganin jakuna da amalanken shanu da yara ɗauke da jarkoki suna nufar tafki. Kusa da Gongola suka tsaya a Gombe Abba, inda Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa hedikwatar masarautarsa. Turawan mulkin mallaka ne suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, wato Gomben yau.

Tsakanin Darazo da Birnin Kudu malamin ya faɗi yadda za a ba da makin kwas ɗin. Kowane ɗalibi zai ɗauki layi ɗaya a unguwarsu, gida ashirin, muradi ɗaya, ya auna da ma'aunin da aka yi aiki da shi a Jekadafari, ya rubuta rahoto da Turanci don jami'a, ya kuma yi bayaninsa da Hausa a gaban mai unguwa. Sun kuma yi alkawari da mai masaukinsu cewa in an dawo hutu ɗaliban Gombe za su zo Kano, a kai su rafin Jakara da magudanan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa, kuma masaukinsu yana wuyan waɗanda suka ci tuwon Jekadafari.